Baƙin ruwan da ake saki da daddare a kogin Challawa: wa ke da alhakin dubawa?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu, ban cika sa baki ba, amma yau tura ta kai bango. Ina da lambu a gefen kogin Challawa ta ɓangaren Kumbotso, gadon mahaifinmu ne, ni da ƙanena muke noman rani a ciki: latas, alayyafo, albasa, wata shekarar har da karas. Daren Alhamis ɗin da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya, wari ya tashe mu daga barci, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, mai shiga har maƙogwaro. Da asuba ƙanen nawa ya tayar da inji cikin duhu ya ba fangali shida ruwa, bai lura ba. Gari na wayewa sai ga ruwan baƙi ƙirin, kumfa a kansa, ƙananan kifaye sun taso ciki a sama. Kafin la'asar ɗin Asabar latas ya kwanta kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. Ƙafafun yaron kuwa har yau ƙaiƙayi suke yi.

Ba wannan ne karo na farko ba. Bara mun haɗu mu tara, muka sa aka rubuta mana takarda, muka kai wani ofishin gwamnati. Sai da muka koma sau biyu. Daga baya mutum biyu suka zo da mota da rana tsaka, suka tsaya a bakin magudanar, suka ga ruwan ba laifi, suka ce za mu ji daga gare su. Har yau shiru. Ruwan da muke kuka da shi ai ba da rana ake sakinsa ba.

Ba na neman a rufe wa kowa hanyar abinci. Abin da nake son masu ilimin cikinmu su faɗa min shi ne: mene ne a cikin ruwan nan, kuma wa doka ta ɗora wa nauyin dubawa?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, Allah ya mayar da alheri. Mu nan Sharaɗa mun san warin nan kamar yunwar cikinmu. Da damina idan lambatu ya cika, har ƙofar gida ruwan yake zuwa, yara suna tsallakawa su tafi Islamiyya. Rijiyar gidanmu mun daina sha tun tuni, sai wanki, shi ma sabulu ba ya kumfa sosai.

Abu Hafsat:
Allah ya kawo mana mafita. Ina Malamin Kimiyya? Wannan fagenka ne.

Malamin Kimiyya:
Ga ni, Abu Hafsat. Baban Ummi, sannu da wannan asara. Ba zan yi rantsuwa a kan abin da ke cikin ruwan daren Alhamis ba tunda ba a auna ba, amma alamomin da ka faɗa duk na dagwalon masana'antar jima ne, kuma kowa ya san a Challawa da Sharaɗa da Bompai kamfanonin fata suke.

Bari in bi aikin daki-daki. Fata tana zuwa kamfani ne cike da gishiri don kada ta ruɓe, sai a jiƙa ta a wanke, wannan gishirin duk ya bi ruwa. Sai a zuba ta cikin farar ƙasa da wani sinadari mai suna salfayid don gashi ya zube. Shi ne tushen warin da ya tashe ku: da zarar ruwan salfayid ya gamu da ruwa mai asid, sai iska mai guba ta tashi, ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Daga nan a jiƙa fatar da asid da ƙarin gishiri, sannan a jeme ta da kuromiyam, wanda ma'aikata ke kira kurom. Shi ke mayar da ita shuɗiya-shuɗiya. A jimar da aka saba yi, fata ba ta shanye kurom ɗin duka, kusan kashi ɗaya cikin uku yana fita da ruwa. Ruwan kuwa ba kaɗan ba ne, tan guda na ɗanyar fata kan ci lita 30,000 ko fiye kafin a gama da shi.

Abin da ya kwantar maka da latas cikin kwana biyu, na fi zargin gishiri da salfayid da kaifin farar ƙasa. Kifi kuma ya mutu ne don tarkacen nama da kitse da gashi suna ruɓewa su cinye iskar da ke cikin ruwa. Waɗannan su ne masu saurin nuna kansu. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ba ya wari: kurom. Ba ya ruɓewa, ba ya ƙarewa, kwanciya yake yi a cikin laka da ƙasar lambu shekara da shekaru. Iri biyu ne. Wanda ake jima da shi, mai lamba uku, cutarsa da sauƙi. Amma yana iya rikiɗa ya koma mai lamba shida, musamman idan aka ƙona ɓarɓashin jemammiyar fata a bola, kuma a wasu irin ƙasa ma yakan rikiɗa da kansa. Mai lamba shida yana cin fatar mutum ya bar gyambo, shaƙarsa kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kurom ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha.

Maman Sadiq:
Malam, to idan aka tafasa ruwan rijiyar fa? Maƙwabciyata haka take yi tana ba yara.

Malamin Kimiyya:
Hajiya, don Allah ki je ki same ta yau ɗin nan. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta taɓa ƙarfe. Ruwan ne ma yake raguwa ta tururi, abin da ke ciki ya ƙara kauri. Alif yana kwantar da dauɗa, ruwa ya yi garau a ido, amma ba shaida ba ce cewa ya tsarkaka. Rijiyar da ke kusa da lambatun kamfani, a auna ta kafin a ba yaro.

Ɗan Fata:
Ni fa ina jin tsoron irin wannan maganar. Shekara ashirin ina harhaɗa fata daga kasuwannin ƙauye ina kai wa kamfanoni. Ku je Sharaɗa da Bompai ku ƙirga masana'antun da suka mutu, masaƙu nawa suka rage? Fata tana cikin 'yan abubuwan da suka saura Kano take fitarwa waje. Fatar jar akuyarmu ce fa fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Mahauci yana ci a nan, dillali yana ci, mai mota, lebura, mai sayar da abinci a bakin get. Mai kamfani yana fama da dizal, ba wuta, ga haraji kala-kala, sannan a ce ya kunna injin tace ruwa dare da rana. Idan aka matsa musu suka tattara suka tafi, wa zai ɗauki yaran nan aiki? Ba na goyon bayan cuta, amma a bi a hankali.

Baban Ummi:
Alhaji, na ji ka, kuma ɗan yayata ma a ɗaya daga cikin kamfanonin yake aiki. Amma ka duba: kuɗin dizal ɗin da mai kamfani ya ƙi kashewa ai bai ɓace ba, ni ne na biya da latas ɗina, ƙanena ya biya da ƙafarsa. Shi yana da lissafi a takarda, ni nawa lissafin ba wanda ya rubuta. Lambun ma sana'a ce, mutum goma sha ɗaya ke ci a cikin nawa.

Mai Aikin Dare:
Ku yi haƙuri ban sa sunana ba, da dalili. Na yi shekara bakwai a ɓangaren jiƙa fata a wani kamfani. Abin da Baban Ummi ya faɗa gaskiya ne, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne ga duk wanda ya yi aiki a ciki. Inda na yi, akwai wurin tace ruwa, da kwatamai da injin da ke juyawa yana ba ruwan iska. Ranar da aka ce baƙi za su zo dubawa, tun da safe ake kunna shi, a share wuri, a raba mana safar hannu da takalmin roba sababbi. Suna fita a kashe. Sauran ranaku tarawa ake yi a kwatami, dare ya raba a buɗe. Damina kuwa ita ce lokacin da aka fi so, don ruwan sama yana ɓatar da sawu.

Abin da ban taɓa fahimta ba: ta yaya ake sanin ranar zuwansu tun kafin su zo?

Mu da ke ciki ma ba tsira muka yi ba. Tafin hannuna har yanzu a tsattsage yake. Wani abokin aikina ya taɓa shiga kwatami zai kwashe laka, ko minti biyu bai yi ba ya yanke jiki ya faɗi, da igiya aka jawo shi. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Malamin Kimiyya:
Iskar salfayid ɗin nan ce ta kayar da shi. Mugun halinta shi ne idan ta yi yawa hanci yakan daina jin warinta, mutum ya ɗauka ta wuce. Ta fi iska nauyi, a ƙasan rami take taruwa. Duk mai ɗan'uwa a wannan aiki ya gaya masa kada ya shiga kwatami shi kaɗai, kuma kada ya faɗa ciki don ceton wanda ya faɗi ba tare da abin numfashi ba. Haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya.

Baba Majemi:
Yarana ne ke rubuta min. Ni a majema na tashi cikin birni, ubana majemi, kakana majemi. Da toka muke cire gashi, da kashin tattabara muke tausasa fata, da bagaruwa muke jima. Dukawa suna saye su yi jaka da takalmi da tandu da kube. Ba zan ce aikinmu ba ya wari ba, yana yi, shi ya sa majema take gefe guda. Amma abin da muke zubarwa daga daji ya fito, ƙasa tana cinye shi. Kuma a da idan wani ya ɓata wa maƙwabta ruwa, gaban mai unguwa za a kai shi, in ta ƙi a je wa dagaci, kowa ya san fuskar kowa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu. Ya kuma ce babu cuta babu cutarwa. To ina ga wanda ya zuba guba a kogin da gari guda ke sha? Yanzu mai kamfanin ko ganinsa ba ka yi, sai maigadi.

Abu Hafsat:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Barista, tambaya ta biyu taka ce.

Barista:
Baba, Allah ya ja kwana. Baban Ummi, doka kam akwai, har ta yi yawa. Kuma yadda aka same ta ma darasi ne. Kafin 1988 ƙasar nan ba ta da wata hukumar tarayya ta muhalli. A 1987 zuwa 1988 aka shigo da shara mai guba sama da tan 3,000 daga Italiya, aka jibge gangunan a filin wani mutum a Koko, wani ƙaramin garin bakin ruwa da yanzu yake jihar Delta, ana biyansa kusan dala 100 a wata. Ɗaliban Najeriya da ke Italiya ne suka tsegunta wa jaridu. Gwamnatin Babangida ta janye jakadanta, ta matsa har aka kwashe kayan. A 1988 ɗin aka yi Doka ta 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai guba, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, da Doka ta 58. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta nazarin illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 1999 aka narkar da FEPA cikin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, sai a 2007 aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin ƙa'idojin muhalli.

To NESREA ita ce amsar tambayarka a matakin tarayya. A 2009 an fitar da ƙa'idoji na musamman a kan masaƙu da masana'antun fata da takalma: kowanne ya tace ruwansa kafin ya sake shi, kuma akwai iyakar abin da aka yarda ya fita. Hukumar tana da ikon shiga, ɗibar ruwa don awo, rufe wuri, da kai ƙara kotu. Ma'aikatar Muhalli ta jiha ita ma tana da hurumin hana gurɓata muhalli. Nan ne matsala ta farko: idan abu yana da iyaye biyu, kowanne yana iya nuna ɗayan.

Ta biyu ita ce tara. A dokar 2007 yadda aka fara rubuta ta, kamfanin da ya saki abu mai cutarwa tararsa ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, da naira 50,000 a kowace ranar da ya ci gaba. Alhaji Ɗan Fata ya fi ni sanin kuɗin dizal na wata guda. Idan tara ta fi tacewa araha, kuma ita kanta tarar ba lallai ta zo ba, kun san abin da mai lissafin riba zai zaɓa.

Ta uku, sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce gwamnati za ta kare ruwa da iska da ƙasa, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilastawa kai tsaye. Sai dai ƙofa ba a rufe take ruf ba. A 2018 Kotun Ƙoli, a shari'ar da wata ƙungiyar sa ido kan malalar mai ta kai NNPC, ta yarda ƙungiya mai zaman kanta tana iya shigar da ƙara a kan gurɓata muhalli. Kai kanka da aka ƙona wa amfanin gona kana da haƙƙin neman diyya. Amma alƙali ba ya shaƙar wari daga kan kujerarsa. Takardar awo yake so, mai kwanan wata.

Ɗan Anka:
Ina karanta ku gabana yana faɗuwa, don mu mun ga ƙarshen irin wannan shirun. A 2010 ba wata hukumar sa ido ce ta gano gubar dalma a Zamfara ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne da suka zo aikin sanƙarau suka ga yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dutsen zinariya ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar tana zuba inda yara ke rarrafe. Sama da yara 400 suka tafi. Na san namu ba kamfani ba ne, haƙar gargajiya ce, amma ku ji abin da ya biyo baya. Likitoci suka ce ba amfanin ba yaro maganin fitar da dalma ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, sai an kankare ƙasar an zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai, Bagega wadda ta fi su girma ta zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya har farkon 2013, sai da matasa suka yi ta gangami a intanet kafin a saki kuɗin. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Kada ku jira sai an fara ƙirga gawa. Abin da ya shiga ƙasa fitar da shi ya fi hana shi shiga tsada nesa ba kusa ba.

Yaya Gashuwa:
Ku tuna da mu na ƙasa. Ruwan Challawa yana haɗuwa da kogin Kano, ya bi ta Wudil, ya zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Nguru ya iso mana, ya wuce Komadugu har bakin Diffa da tafkin Chadi. Ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa, kusan kowace unguwa akwai mai zuwa wankin ƙoda. Ni dai na ce dagwalon Kano ne.

Anti Nas:
Yaya, ciwon ƙodar yankinku gaskiya ne, muna ganin mutanenku suna zuwa Kano wankin ƙoda, abin tausayi. Amma kada mu yanke hukuncin da masu bincike ba su yanke ba. Ana duba ruwan sha, ana duba magungunan feshi, zafin rana da ƙarancin shan ruwa, hawan jini, da shan magani barkatai. Idan muka ce Challawa ce kai tsaye, gobe mai kamfani ya kawo likita ya ƙaryata mu, sai a haɗa har da gaskiyar Baban Ummi a watsar. Haka ma masu turo min saƙo suna tambaya ko ruwan famfo na Tamburawa guba ne tunda matatar tana ƙasa da masana'antun. Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma awo ne da ya kamata a riƙa bugawa kowa ya gani. Baban Ummi, ƙanenka ya je asibiti a duba ƙafar, a rubuta a kati, ku adana katin. Ya daina shafa man da ba a rubuta masa ba.

Ɗan Fata:
To ni shawarata, a ba su fili can cikin daji nesa da mutane, kowa ya huta.

Injiniya:
Alhaji, an gwada wannan a Bangladash. Unguwar Hazaribag a birnin Daka ta shekara da shekaru tana zuba ruwan jima a kogin Buriganga. A 2017 kotu ta sa aka yanke musu wuta da gas, dole suka koma sabon wuri a Sabar, inda aka gina musu matatar ruwa ta haɗaka. Matatar ba ta yi aiki yadda ya kamata ba, sai kogin Daleshwari ya gaji abin da Buriganga ta sha. Tsugune ba ta ƙare ba. Challawa ma ai lokacin da aka yanka ta bayan gari ce, gari ne ya je ya same ta. Kuma duk dajin da ka sani akwai mai gona da mai shanu a cikinsa.

Abin da ke aiki sananne ne, ba sabon ilimi ba ne. A raba magudana uku tun daga cikin kamfani: ruwan salfayid daban, ruwan kurom daban, sauran daban. Ruwan kurom idan aka zuba masa sinadarin da ke kwantar da shi, kurom ɗin yana taruwa a ƙasa kamar dusa, a narkar da shi da asid a sake jima da shi. Wato abin da ake zubarwa a lambun Baban Ummi kaya ne da aka sayo da dala. Ƙananan kamfanoni kuma su haɗa kuɗi a matata guda, kowa ya biya gwargwadon ruwan da ya turo. Sai abu na ƙarshe, wanda ya amsa tambayar Mai Aikin Dare: mita a bakin bututun fita, da mitar wuta a kan injin tacewa. Injin da aka ce yana aiki kullum amma bai ci wuta ba sai kwana biyu a wata, ya tona asirin kansa, ko mai dubawa ya zo ko bai zo ba.

Na Kwakwaci:
Bari in faɗi wadda ba a so. Mu da ke noma a bakin kogin Jakara, da waɗanda ke ƙasa inda rafin Getsi ke kawo ruwan Bompai har zuwa dam ɗin Wasai, da wannan ruwan muke ban-ruwa, muna sane. Da rani wani ruwan gare mu? Wasu ma cewa suke yi ya fi taki, ganye yana yin kore shar. Latas da kabejin da kuke saye a kasuwa kuna yin kwaɗo, wani daga nan yake. Idan aka ce za a auna, ni tsorona kada a wayi gari a ce an hana mu noma, kamfani kuma yana nan yana aikinsa. Kullum a kan talaka igiya take tsinkewa.

Maman Sadiq:
Innalillahi. Malam, kana sane kake sayar mana muna ba 'ya'yanmu? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na Kwakwaci:
Hajiya, 'ya'yana ma shi suke ci. Ba ni da wata gonar.

Baban Ummi:
Maman Sadiq, ki yi haƙuri, kada mu juya kan junanmu. Tsoron da ya faɗa ni ma ina da shi, har ƙanena ya ce kada in yi wannan rubutun don kada dillalai su guji kayanmu. Na kwana ina tunani. Amma albasar da na tura kasuwa wata uwa ce za ta yanka wa 'ya'yanta, ban san me ke ciki ba, kuma rashin sanin ba ya wanke ni a gaban Allah. Gara a auna. In ƙasata ta lalace a gaya min, in san abin da zan nema diyya a kansa, in kuma san wanda zan nema. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a auna lambuna a bar bakin bututun da ya ɓata shi. A fara daga can.

Malamin Kimiyya:
To mu yi abin da za mu iya da hannunmu. A samo robobin ruwa sababbi, a ɗauraye kowace sau uku da ruwan da za a ɗiba. Wuri uku: sama da inda magudanar ke shiga kogi, daidai bakinta, da inda kake sa injinka. Na saman shi ne mafi muhimmanci, don shi zai nuna kogin lafiya lau ya iso. A ɗiba da rana, a kuma ɗiba da daddare lokacin da warin ya tashi. A rubuta wuri da rana da ƙarfe nawa a jikin kowace roba, a ɗauki hoto da waya, a sa su cikin kula mai ƙanƙara. Awon kurom mai lamba shida ba ya son jira, a kai shi cikin kwana guda. A haɗa da ƙasar fangalin da ya ƙone, da ta wanda bai sha ruwan ba, da ganyen kowanne. Jami'o'in da ke Kano suna da ɗakunan awon ƙarafa a ruwa, ana biya. Mai ɗiba ya sa safar hannu da takalmin roba, ya tsaya ta inda iska ke fitowa, kada ya sunkuya cikin lambatu.

Barista:
A tafi da mai unguwa ko wakilinsa ya zama shaida, ya sa hannu. Kada kowa ya taka harabar kamfani, a tsaya a bakin kogi. Kada kuma a kama sunan wani kamfani a zauren nan kafin sakamako ya fito. Ni zan rubuta takarda biyu kyauta: ƙorafi zuwa ga NESREA da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, da kwafi ga hakimi, sai kuma buƙata a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, a ba mu sakamakon awon da aka yi a magudanun Challawa da ranakun da aka je dubawa. Doka ta ba su kwana bakwai su amsa. Duk takardar da aka kai a buga wa kwafinmu hatimin karɓa.

Ɗan Fata:
Ban canja ra'ayi a kan rufe kamfanoni ba, kuma duk ranar da aka zo nan da maganar rufewa za ku ji ni. Amma awo ba rufewa ba ne. Ku sa ni a kuɗin roba uku.

Na Kwakwaci:
Ni ba zan kawo ƙasata ba tukuna. Sai na ga abin da ya faru da Baban Ummi.

Mai Aikin Dare:
Kada ku ɗiba da warin farko, wannan na saman kwatami ne. Ku ba shi kamar rabin awa, sai mai kaurin ya iso, za ku ga launin ya koma shuɗi-shuɗi. An fi saki daren Alhamis da daren Asabar.

Baban Ummi:
Na gode, Allah ya saka wa kowa. Na yi magana da mai unguwa bayan Isha, ya ce ɗansa zai bi mu. Robobi tara na saya. Maman Sadiq, in kina so ki ɗebo na rijiyar maƙwabciyarki a haɗa a kai tare. Malam, Alhamis da asuba zan kira ka in ji inda za mu same ka da kular.